Rumfa Ba Zana

Ranar Talata ce a tsakiyar Afrilu, irin zafin nan na bazara da kaji ke buɗe baki suna haki a gindin rumbu. Ba iska, ba ko ɗigon gajimare. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka shigo da Juwairiyya gidan Alhaji Mahmuda, babban mai sayen hatsi a Tibiri. Tsohuwar Bafillata ce, doguwa, siririya, ta tsallako iyaka da ƙafa bayan 'yan bindiga sun tashi rugarsu. Abin da ta tsira da shi saniya ce ja da ɗan maraƙinta, awaki huɗu, da ƙwarya biyu.

Ƙungiyar da ke kula da 'yan gudun hijira, wadda mu a nan muke kira furoje kawai, ba ta da sansani a Tibiri. Tsarinta shi ne a raba baƙi cikin gidajen mutane, a ba kowane baƙo karti, wato katin karɓar abinci, kowane wata a ba mai kartin buhun hatsi da wake da mai. Ranar da aka yi shela a masallaci ana neman masu sauke baƙi, Alhaji Mahmuda ne ya fara ɗaga hannu. Ya ɗaga shi sama sosai, don shugaban furojen yana can sahun baya.

A gidan akwai Bushira, ɗiyar ƙanwar Alhaji. 'Yar Dogon Dutsi ce, tana shekara ta biyu a makarantar koyon aikin taimakon jama'a a Yamai. An turo ta koyon aiki na wata uku a buro, wato ofishin furojen, ta sauka gidan kawunta. An ba ta riga mai aljihu shida da tambari a ƙirji, kuma a makon farko ko wanka za ta sai ta yi tunani kafin ta cire ta.

Kwana uku da zuwan tsohuwar aka ba Bushira aikinta na farko: takarda mai tambaya ashirin da huɗu, kowace tambaya da gida biyu a gabanta, na i da na a'a. Ta je ta durƙusa gaban rumfar da aka sauke Juwairiyya. Rumfar tana farfajiyar waje, tsakanin zaure da cikin gida, inda ake ɗaure dabbobi, inda kuma Alhaji ke zama da dillalai da masu dako tun hantsi har bayan isha'i. Dirka huɗu ce da rufin kara. Ba bango, ba zana ko ta gefe ɗaya.

Alhaji ya jawo kujerarsa kusa. Hajiya Bilkisu, matarsa, ta tsaya bayansa da muciya a hannu.

"Inna, kina da wurin kwana?" in ji Bushira.

"Ga shi kina gani," in ji Alhaji. "Rumfa sabuwa, iska ta ko'ina. Ni kaina ɗakina bai kai wagga rumfa daɗi ba."

Bushira ta sa alama a gidan i.

"Ana ba ki abinci sau uku a yini?"

Juwairiyya ta sunkuyar da kai. "Jam tan, ɗiyata. Lafiya lau."

"Sau uku?" in ji Hajiya. "Har da na marmari."

"Akwai mai ƙuntata miki a gidan nan?"

Alhaji ya yi dariya har hularsa ta karkace. "Mi kika ce? Rubuta ni. Ki ce Mahmuda ne."

Duka suka yi dariya, har Bushira. Da aka gama, Alhaji ya karɓi kartin tsohuwar, ya ce tsofaffi ba su iya ajiya ba, ya jefa shi cikin aljihun babbar rigarsa. A buro, shugaban da kowa ke kira Shef Luƙman ya duba takardar, ya ce bai taɓa ganin mai koyon aiki da ta cika gida ashirin da huɗu ba goge ko ɗaya ba.

Ba ƙarya aka yi ba, ana kai kwano sau uku. Hajiya da kanta take kaiwa, ta dire shi gaban rumfar da ƙarfi yadda maza za su juyo su shaida. Sai dai kowa a Arewa ya san tsohuwar Bafillata irin Juwairiyya ba ta buɗe baki ta sa loma a gaban mazan da ba nata ba. Kunya ce da aka rene ta a kai tun tana goye, ta fi yunwa ƙarfi. Sai ta ce ta gode, ta rufe kwanon da faifai, ta zauna tana jiran farfajiya ta watse. Farfajiyar Alhaji kuwa ba ta watsewa. Minti goma sha biyar Hajiya take bayarwa. Daga nan ta dawo ta ɗaga faifan.

"Ikon Allah, ba ta taɓa ba. Fulani da ƙoshi."

Sai ta juye tuwon a kwamin ragunan layya guda biyu da ake kiwatawa. Da dare kuma, fitilar nan mai aiki da rana da furoje ta ba tsohuwar, Alhaji ya ɗaure ta a dirkar rumfar, ya ce don tsaron baƙuwa. A ƙarƙashinta maza ke shan shayi.

Abin da ya riƙe Juwairiyya a makonnin farko nonon saniyarta ne. Da asuba, kafin kowa ya fito, ta tatsa, ta bar wa ɗan maraƙi rabonsa, ta sha nata a bayan saniyar. Sai wata safiya Hajiya ta riga ta fitowa, ta ga ƙwarya cike da kumfa, ta tuna tana da firigo da ba ya aikin komai sai sanyaya ruwa. Cikin mako guda aka fara sayar da nono mai suga a leda a ƙofar gidan. Kullum asuba Hajiya na tsaye da bokiti.

"Tatsa duka, Inna. Wanga maraƙi ya girma, ya koyi cin ciyawa."

Ciyawa a watan Mayu a Tibiri.

Awakin ma suka fara tafiya. Ta farko an yanka wa baƙin furoje da suka zo daga Doso ganin yadda ake zaman amana. Sun ci, sun yaba, sun ɗauki hoton Juwairiyya da kwano a gabanta. Ta biyu ta tafi sunan jikar Hajiya, an ce baƙuwa ma 'yar gida ce, bai kamata a bar ta ba gudummawa ba.

Bushira na cikin gidan duk wannan lokaci, ba ta ga komai ba. Tana fita da safe, ta dawo da yamma, ta gaida tsohuwar daga nesa, ta shige ta karanta littafinta mai bayanin yadda ake gane wanda ke cikin ƙunci. Ranar da ta gani, ciwon ciki ne ya fito da ita kafin kiran salla na biyu. Ta hangi mutum tsugune a wurin raguna. Ta matsa. Juwairiyya ce, tana tsince busasshen tuwo da dusa daga gefen kwami tana ƙullawa a bakin zanenta. Idonsu ya haɗu. Tsohuwar ta saki zanen, ta miƙe, ta koma rumfa, ta juya baya. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwar Bushira ba.

A rana ta uku Bushira ta samu Hajiya a madafa.

"Hajiya, Inna ba ta cin abincin nan."

"To ni zan ɗura mata?"

"Idon maza ne. A sa mata zana ko ta gefe biyu."

"Ki faɗa wa kawunki. Ni tuƙa tuwo na iya."

Ta faɗa wa kawunta. Ya saurare ta yana jan carbi.

"Zana? Cikin wanga zafi? So kike ta dahu a ce Mahmuda ya kashe baƙuwa?"

"To a mayar da ita cikin gida, wurin mata."

"Dabbobinta fa? Ba ki san Fulani ba, ɗiyata. In ba ta ganin saniyarta ba ta iya barci. Kuma mutanen furoje in sun zo suna son su gan ta daga ƙofa, ba sai an yi sallama an tayar da mata ba."

"Kawu, ta rame."

"Da ƙiba ta zo? Jikinsu ne haka. Kin taɓa ganin Bafillata da tumbi?"

Washegari kafin ta tafi aiki Bushira ta ɗaura zannuwanta biyu a jikin dirkokin rumfar. Da ta dawo da azahar ta tarar da su a ninke a kan katifarta. Hajiya ta ce ba a shanyar kayan mata a gaban maza, gidan ba na arna ba ne. Ta gwada kawo wa tsohuwar fura a ɓoye da asuba. Kwana huɗu abin ya tafi, sannan Hajiya ta lura ana rage mata gari, ta sa kwaɗo a ɗakin ajiya, ta ce ɓeraye sun yi yawa bana, har masu karatu a cikinsu. Bushira ta koma sayo ƙosai a hanya, amma cikin tsohuwar ya riga ya ƙi mai, sai ta amayar.

Ta je wurin Shef Luƙman. Yana zaune gaban fanka da rigarsa a buɗe.

"Shef, akwai matsala a gidan da aka sauke lamba arba'in da ɗaya."

Ya jawo takardar. "Ga shi nan, tana ci sau uku. Sa hannun wa ne wannan?"

"Nawa ne. Amma na yi kuskure. Na yi mata tambayar a gaban maigida."

"Ba kuskure ba ne, ladabi ne. Ana kai mata kwanon ko ba a kaiwa?"

"Ana kaiwa."

"To. Tambayar ke nan. Babu gidan kunya a takardar nan, Bushira. Yamai suka tsara ta, da masana." Ya rage murya. "Kuma ki yi hankali. Ɗakin da muke ajiye buhunanmu na wa ne? Kawunki ya ba mu aro. Ranar ashirin ga Yuni, ranar 'yan gudun hijira, shi za a ba takardar yabo. An riga an buga sunansa, da ruwan zinare. Ki ajiye wannan tunani naki, ki sa shi a rahoton ƙarshen karatu. Malamanku na son irin haka."

Daga ranar Bushira ta daina zuwa rumfar da takarda. Ta kan cire rigar mai aljihu, ta zauna a ƙasa kusa da tsohuwar, ta taya ta cire wa saniya kaska. Ba ta tambayar komai. A kwana na biyar Juwairiyya ta yi magana da kanta, idonta a kan saniyar.

"Uwar uwar wannan, da ita aka kai ni gidan miji. Duk wanda na haifa nonon gidansu ya sha."

"Tana samun abinci, Inna?"

"Ba ta samu. Dubi haƙarƙarinta, ana ƙirgawa. Ana ɗiba kullum, ba a zubawa." Ta dubi ɗan maraƙin. "Ɗan nata ba zai kai damina ba."

Bai kai ba. Ya mutu kwana uku kafin layya, da rana tsaka, kansa a kan ƙafar tsohuwar. Alhaji ya ce dama tun zuwansa bai ga alamar mai rai ba a idonsa, ya sa aka ja shi bayan gari. Saniyar ta yi kwana biyu tana kuka, sannan ta janye nononta. Hajiya ta tsaya da bokiti asuba uku ba ta samu ko rabin kofi ba, ta ce dabbar Fulani ma baƙin hali gare ta. Ranar layya akuya ta uku ta bi raguna, don Alhaji ya ce ba zai bari baƙuwarsa ta rasa lada ba. An kawo mata hanta a kwano, a gaban maza. Ta huɗun kuwa wata safiya aka ce ta tsinke igiya. An samu igiyar a kwance, a naɗe da kyau.

Yanzu Juwairiyya ba ta iya miƙewa sai ta dafa dirka. Salla a zaune take yi. Bushira ta ɗauko mai amalanke ta kai ta likita ba ta nemi izinin kowa ba. Ranar da aka rubuta ta a furoje an auna ta kilo arba'in da tara. Ma'aikaciyar likitar ta ɗora ta a sikeli, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗora ta. Talatin da takwas.

"A daji kuka tsinto ta?"

"A gidanmu take."

Matar ta kalle ta, ta rubuta, ta buga hatimi da ƙarfi fiye da yadda ake buƙata.

Bushira ta gane ba zana za ta samu a gidan ba, gida za ta nema. Ta bi masu sayar da nono a kasuwa da tambaya har aka kwatanta mata wani makiyayi, Ajuma, da ke zaune da iyalinsa a bayan Dumega. Ranar Alhamis, jajibirin bikin, ta hau babur ta je. Ajuma ya saurare ta har ƙarshe, ya kira matarsa suka yi magana da Fulatanci.

"Ki kawo ta," in ji shi. "Akwai bukka. Saniyar ma a kawo, in ta shiga cikin 'yan uwanta ta ci sabon tsiro za ta dawo. Gobe zan zo da amalanke."

Ta dawo Tibiri da la'asar, hadari na haɗuwa a gabas. Tun daga zaure ta ji ƙaurin kitse. A farfajiya mahauta biyu na aiki, an shimfiɗa jar fata a ƙasa, ƙafafu huɗu a jere a gefe. Juwairiyya na zaune a rumfarta, taku goma daga wurin, ta rufe kanta da zane har ƙasa.

"Kawu, mi ke nan?"

"A'a, kin dawo? Taimako ne na yi. Tun safe take rawar jiki, da an bar ta da ta mutu ba yanka, kowa ya yi asara. Kuma gobe baƙi daga Yamai, mota huɗu. Da mi za a tarbe su, da ganyen zogale? Bikin wa ake yi in ba nasu ba?"

"Ka tambaye ta?"

"Na ce mata Inna, za a yi kaza. Ba ta ce a'a ba. Hajiya shaida ce."

"Ba ta ce komai ba," in ji Hajiya daga ƙofa. "Mace mai hankali."

Bushira ta je ta zauna kusa da zanen nan.

An yi bikin ranar Juma'a da hantsi a filin ƙofar gidan. An kafa rumfunan tamfol, an jera kujeru, an ɗaure ƙyalle mai rubutun Faransanci. Hajiya ta ara wa Juwairiyya sabuwar atamfa, aka tallafo ta aka zaunar a kujerar gaba tsakanin Alhaji da babbar baƙuwa daga Yamai, wata Madam Hanifa. Shef Luƙman ya yi jawabi na minti arba'in. Ya ce a wasu ƙasashe ana gina wa baƙo katanga, amma a Tibiri ko zana ba a sawa tsakanin baƙo da mai gida. Aka yi tafi. Aka miƙa takardar yabo, Alhaji ya share ido da hannun riga.

Sai aka fito da abinci. Mai ɗaukar hoto ya ce yana son hoto ɗaya da zai tafi har Turai: baƙuwa na ci, mai masauki na murmushi. Aka ɗora wa Juwairiyya faranti a cinya, shinkafa da manyan yanka uku.

"Ci, Inna," in ji mai hoton. "Loma ɗaya kawai. Kalle ni nan."

Mutum sun fi ɗari biyu, rabinsu maza. Tsohuwar ta kalli naman.

"Kunya ce irin tasu," in ji Alhaji ga Madam. "A gida in ta zauna wa kwano sai kin tausaya wa kwanon."

Bushira na tsaye a baya da tiren ruwa. Ta ajiye shi a ƙasa, ta ratso, ta tsaya tsakanin tsohuwar da mai hoto. Ta ɗauke farantin daga cinyarta ta ɗora a kan teburin manya, kusa da takardar yabo.

"Madam, naman nan saniyarta ce. Jiya aka yanka a gabanta."

"Bushira," in ji Shef Luƙman, "ba yanzu ba."

Ta zaro takardar likita daga aljihu ta miƙa. "Ta shigo gidan nan da kilo arba'in da tara. Ga na yanzu. Ni na rubuta tana ci sau uku, da hannuna, a gaban maigida. Ban tambayi inda take ci ba, ban tambayi wa ke kallonta ba. Ga amalanke can ya zo daga Dumega, akwai masu karɓarta. Kartinta nake so."

Madam Hanifa ta karanta takardar. Ta kalli ƙashin da ke hannunta na dama, ta ajiye shi a hankali. Ta juya wajen Alhaji.

"Alhaji, kartin na wurinka?"

Na kusa sun ji, na nesa ba su ji ba. Alhaji Mahmuda bai yi shekara talatin a kasuwa a banza ba. Ya miƙe, ya gyara riga, ya zaro kartin ya ɗaga sama, ya karɓi lasifika.

"Jama'a, yau ranar farin ciki ce. Baƙuwarmu ta samu danginta. Ga amanarta na mayar, ko kusurwa ba ta lanƙwashe ba."

Aka yi tafi fiye da na farko. Mai hoto ya samu hotonsa. Da Alhaji ya sunkuyo zai miƙa kartin, ya ce wa Bushira a hankali, murmushi bai bar fuskarsa ba, "Ki kwashe kayanki kafin a sauko daga masallaci."

Ajuma da Bushira suka ɗora tsohuwar a amalanke da ƙwaryarta biyu. Hajiya ta biyo su har bakin hanya ta karɓi atamfarta. Baƙi sun tafi bayan salla, an sa musu sauran naman a leda. Madam Hanifa ta ce za a kafa kwamiti.

A bayan Dumega matar Ajuma ta shigar da Juwairiyya bukka, ta ajiye mata ƙwaryar kindirmo, ta fito ta ja asabari ta rufe, ta kori kowa daga wurin. Bayan wani lokaci aka miƙo ƙwaryar waje, an sha rabi. Haka aka yi ta yi. Bushira ta kama ɗaki wurin wata malamar makaranta a Tibiri, tana zuwa kowace rana ta biyu da garin kunun likita. Amma jikin da aka yi wata biyu ana ɗiba bai iya riƙe abin da ake zubawa ba. Ruwan sama ya sauka, ciyawa ta tsiro, shanun Ajuma na wucewa ta ƙofar bukkar da safe, tsohuwar na bin su da ido ta tsakanin asabari. A kwana na goma sha ɗaya, da hantsi, ba a miƙo ƙwaryar ba.

Sauran makonnin aikinta Bushira ta bi gidaje talatin da biyu da aka sauke baƙi a Tibiri da Kore Mairuwa. Ba ta sanar da zuwanta, tana zuwa lokacin cin abinci, tana roƙon maigida da ladabi ya ba su wuri, ba ta fito da takarda sai ta zauna ta gani da idonta. Ta samu gidaje da yawa na mutanen kirki da suka raba ɗan abin da suke da shi. Ta samu uku da ba haka ba, ta fitar da mutum biyar daga cikinsu da ransu. Shef Luƙman ya rubuta a takardar shaidarta cewa tana da ƙwazo amma ba ta san girman manya ba.

Kwamitin bai zauna ba tukuna. Hoton yana jikin bangon buro. Da aka sake yin shela a masallaci bayan an tashi wasu rugage, an ga hannu ɗaya ya riga na kowa tashi.

Ga abin da ya salwanta, ga duk mai son lissafi. Kwana sittin da shida a rumfa. Kwano kusan ɗari biyu da aka kai aka dawo da su. Buhun hatsi biyu da ba ta ga bakinsu ba. Awaki huɗu. Ɗan maraƙi ɗaya. Saniya ɗaya, ta ƙarshe a gidansu. Kilo goma sha ɗaya. Bushira ta rasa kawu da wurin sauka a Tibiri, uwarta ta rasa gaisuwar yayanta. Sai Juwairiyya, wadda ta tsere wa bindiga da ƙafarta, aka rufe ta a bayan Dumega, mutum bakwai a kan kabarinta. A gidan Alhaji Mahmuda an duba ko'ina, ba a ga abin da ya ɓace ba.